Wayar wutar kwamfuta: tambayoyi da amsoshi kafin ka sayi wata

Gyaran kwamfuta nake yi a nan cikin garin Gombe, kuma da wuya mako ya wuce wani bai shigo shago da maganar wayar wuta ba. Ɗalibi ya dawo hutu ya tarar tasa ta yi ɓatan dabo, mai shagon buga takardu ɓera ya gaigaye masa tasa, wani kuma ya sayo kwamfuta ta hannu ta zo da filogin da ba ya shiga soket ɗinsa. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai ɓata awa guda yana ciniki a kan kwamfutar, amma in aka zo kan wayar da za ta ɗauko mata wuta daga bango sai ya ce, "Ba ni kowace iri." Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, tawa ta ɓace. Duk wadda ta shiga ramin ba shi ke nan ba?

In maganar shiga ce, haka ne. Wayar da ke tasowa daga bango zuwa akwatin wutar kwamfutar tebur, wanda muke kira fawa-fak, kanta iri ɗaya ne a duk duniya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60320 ce ta tsara shi. Kan da ke jikin wayar, mai ramuka uku, sunansa C13. Mazauninsa da ke bayan kwamfutar, mai ƙarafa uku, shi ne C14. Don haka wayar HP za ta yi wa Dell, ta Dell za ta yi wa Lenovo ko wadda aka harhaɗa a shago. Kada wani ya tsawwala maka kuɗi da hujjar sai ta kamfanin.

Amma shiga daban, aminci daban. Abubuwa uku ne ke sa a dogara da waya, kuma dukkansu a ɓoye suke: jan ƙarfen da ke cikin robar, wayar ƙasa ta uku mai kwashe wutar da ta hau jikin na'ura zuwa ƙasa, da fiyus ɗin da ke cikin filogi. Masu yin jabu sun san ba kowa ke duba waɗannan ba, shi ya sa a nan suke rage kaya. Kwamfuta za ta kama, fanka za ta juya, sai ranar da aka ɗora wa wayar nauyi ko wani abu ya lalace a ciki sannan a gane abin da aka sayo.

Na je kasuwa na ga kawuna iri-iri. Wanne ne nawa?

Ɗauki hoton ramin da ke bayan na'urarka kafin ka fita daga gida. C13 shi ne na kwamfutar tebur, yawancin monita da firinta, kuma an yi shi ya ɗauki amf 10 (amf shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Mai ramuka uku zagayayyu a dunƙule, wanda ke shiga cajar laftof, C5 ne, amf 2.5 kawai yake ɗauka. Mai ramuka biyu mai kamar lamba 8, irin na rediyo, C7 ne, ba shi da wayar ƙasa. Akwai kuma babba mai kusurwa huɗu wanda ramukansa ke kwance, C19, mai amf 16. Sai a manyan UPS (akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta), kwamfutocin saba masu yi wa sauran kwamfutoci hidima, da fawa-fak masu ƙarfi sosai za ka gan shi. Kowannensu ba ya shiga gurbin ɗan'uwansa, kuma da gangan aka yi haka.

Wane kauri ya kamata in nema?

Kada ka auna da kaurin baƙar robar waje. Roba arha gare ta, jan ƙarfe ne mai tsada. Karanta rubutun da aka buga a tsawon jikin wayar. Za ka ga wani abu kamar H05VV-F 3G0.75 ko 3G1.0. Lamba 3 na nufin wayoyi uku ne a ciki, G na nufin ɗaya daga cikinsu ta ƙasa ce, lambar ƙarshe kuwa faɗin jan ƙarfen kowace waya ne a murabba'in milimita. Wannan shi ne ma'aunin da masu wayarin ke nufi in sun ce "wan-fayif" ko "tu-fayif". Wayoyin da aka yi don Amurka kuwa AWG za ka gani, kuma nasu a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. 18AWG ta ɗan ɗara 0.75, 16AWG tana wajen 1.3, 14AWG tana wajen 2.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce. In ka raba wat da bolt, ka sami amf. A ce fawa-fak ɗinka mai wat 500 ne kuma yana aiki iya ƙarfinsa. Saboda wani kaso na wutar yana tafiya a zafi, zai ja wajen wat 625 daga bango, wato ƙasa da amf 3. Kwamfutar ofis da ake buga takardu da ita ko rabin wannan ba ta kaiwa. Saboda haka 0.75 ta gaske, wadda ba ta wuce mita 2 ba, ta ishe ta har da ragowa. In injin ɗinka na tace bidiyo ne ko zane, mai fawa-fak na wat 750 zuwa sama, ko kuma wayar za ta yi tsawo, nemi 1.0 ko 1.5.

Ni dai in ina da zaɓi, 1.0 nake ba mutum. Bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma amsar tambaya ta gaba za ta nuna dalilina.

Unguwarmu wuta ba ta zuwa da ƙarfi. Wannan ya shafi waya?

Ya shafe ta ƙwarai, kuma mutane da yawa sun ɗauki abin a baibai. Ana zaton in wuta ta yi ƙasa, komai zai yi sanyi. Ƙwan fitila irin na da haka yake, amma fawa-fak ba haka yake ba. Shi aikinsa ya ba kwamfuta wat ɗin da take bukata ko ta halin ƙaƙa, don haka in bolt ya sauka sai ya ƙara jan amf ya cike gibin. Wat 625 ɗin nan da ke cin ƙasa da amf 3 a bolt 230, in wuta ta faɗo zuwa 160 sai ya koma kusan amf 4. Zafin waya kuwa ba daidai da amf yake hawa ba: in amf ya ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi.

Ƙara da yanayin garinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, kuma wayar tana maƙale ne a bayan tebur, inda iska ba ta kaiwa, ga fankar kwamfuta tana huro mata zafi, ga ƙurar hunturu da ta taru ba a share ba. Wayar gaske za ta jure wannan duka. Wadda aka rage wa jan ƙarfe ce ke fara laushi a wuya.

To yaya zan gane ta jabu tun a gaban mai kaya?

Nan ne ya kamata a tsaya a natsu.

Fara da filogin. Na gaske irin namu mai ƙafa uku, wanda aka yi bisa ƙa'idar Ingila ta BS 1363, yana da faɗi, kuma akwai tazara tsakanin ƙafafun da gefensa don kada yatsa ya kai ga ƙarfe lokacin zarewa. Ƙafafu biyu na ƙasa suna da roba a rabin da ke kusa da jikin filogin. Ƙafar sama, wadda ta fi tsawo, ƙarfe ce zalla tun daga tushe har baki. In ka ga an sa mata roba a rabi kamar sauran, jabu ce. In gaba ɗayanta roba ce, wannan na cajar waya ne da makamantansu, ba na kwamfuta ba. Akwai wani ɗan ƙaramin filogi siriri da ya cika kasuwa, wanda ba shi da gurbin fiyus sam. Da ka gan shi, ajiye, ba sai ka duba sauran ba.

Sai nauyi. Riƙe wayoyi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya a kowane hannu. Jan ƙarfe yana da nauyi, hannunka zai gaya maka. Sai rubutu: wadda babu komai a jikinta, ba ka da abin da za ka riƙe. Wadda ke da rubutu kuma, rubutun ba shaida ba ne, domin buga 0.75 a kan roba ba ya cin kuɗi.

Gwajin da ba ya ƙarya sai an yanka. Wannan ya fi dacewa da masu sayen da yawa: makarantu, cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, masu kafe. Kafin ka ɗauki hamsin, sayi ɗaya ka sadaukar da ita. Yanka ta tsakiya. Ka ƙirga wayoyin ciki, dole su zama uku: ruwan ƙasa, shuɗiya, da mai ratsin kore da rawaya. Na sha yanka waya mai ƙafa uku a filogi in tarar da biyu kacal a ciki. Feɗe ɗaya ka dubi silin. In 'yan ƙwarori ne kamar gashi a cikin roba mai kauri, ka ga inda kuɗinka ya tafi. Kankare silin da reza: in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kanga masa wutar laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya yadda yake, domin sai a digiri 1085 yake narkewa, alminiyam kuwa a 660 yake narkewa, nan take zai lanƙwashe ya marmashe. Sa masa maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga.

Me ya sa alminiyam ɗin ya zama matsala? Wutar da yake iya wucewa da ita wajen kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da ita, don haka ya fi saurin zafi. Kuma ba ya jure lanƙwasa. Silin suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a wuyan filogi, waɗanda suka rage su ɗauki nauyin duka, har wurin ya fara ƙauri.

In kana da mitar auna wuta, kana iya gwadawa ba tare da yanka ba. Sa ta a ma'aunin om, ka haɗa ƙafar sama ta filogi da ramin tsakiya na ɗaya kan. In ba ta nuna komai ba, babu wayar ƙasa. Waya ta gaske mai mita 2 abin da za ta ƙara a kan karatun igiyoyin mitar kansu bai taka kara ya karya ba. In ka ga ta kai om 1 ko fiye, kada ka sa ta a kwamfuta.

Fiyus ɗin filogi na ƙonewa. In naɗa masa siririyar waya?

Don Allah kar ka yi. Wannan fiyus ba kwamfutar yake karewa ba, wayar yake karewa. Abin da ke gadin layin soket a allon rarraba wutar gida babba ne, yakan bar amf 20 ko 30 su wuce bai motsa ba, alhali wayar 0.75 ba za ta iya da wannan ba. Fiyus ɗin ne zai yanke kafin robar ta kama.

Girmansa ɗaya, amma ƙarfinsa ya bambanta, kuma a rubuce yake a jikinsa: amf 3 ja ne, amf 13 ruwan ƙasa, amf 5 da amf 10 baƙin rubutu. Ga kwamfutar ofis da waya 0.75, amf 5 ya dace, ya kai wat 1150. Amf 3 yakan yanke ba gaira ba dalili saboda fawa-fak yana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin kunnawa. Ga waya 1.0 da babban inji, amf 10. Fiyus na gaske BS 1362 ne a jikinsa, kuma cike yake da yashi wanda ke kashe tartsatsin in ya yanke. Na jabu in ka fasa shi fanko ne.

In ka sa sabo daidai ƙarfinsa ya sake ƙonewa, matsalar ba ta fiyus ba ce. Kawo kwamfutar a duba. Kada ka buɗe fawa-fak da kanka, yana riƙe da wuta a ciki ko bayan an zare shi.

Kwamfutata daga waje ta zo, filoginta mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Ina danna shi a soket yana aiki.

Yana aiki, amma ba tare da wayar ƙasa ba. Wannan filogin na Jamus da maƙwabtanta ne, kuma mahaɗin ƙasarsa a gefe yake, wasu 'yan ƙarafa biyu da soket ɗinmu ba shi da inda zai taɓa su. Ga shi ba fiyus. Ga shi sai an cusa biro ko makulli a ramin sama kafin ya shiga, yara kuma suna kallo. Bayan haka ƙafafun zagayayyu suna buɗa ƙarafan cikin soket, har ya daina riƙe filogi na ƙwarai.

Mafi sauƙi ka sayi waya mai filogi irin namu. In wayar da ta zo da ita mai kyau ce, kuma sau da yawa irin waɗannan sun fi na kasuwa, mai wayarin zai yanke kan ya sa maka filogi mai fiyus. Ruwan ƙasa tana zuwa ɓangaren fiyus, shuɗiya ɗaya ɓangaren, mai kore da rawaya a ƙafar sama, kuma a bar ta ta fi sauran tsawo don in an fizgi wayar ita ce ta ƙarshen tsinkewa. In ta Amurka ce launukan sun bambanta: baƙa ce mai wuta, fara ce abokiyarta, koriya ta ƙasa.

Tunda an ambaci Amurka, ga abin da ya fi waya gaggawa. Wutarsu bolt 120 ce. Tsofaffin fawa-fak da yawa suna da wani ɗan jan makunni a baya mai rubutun 115 da 230. In kwamfutar ta zo yana kan 115 ka jona ta a wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. An taɓa kawo mini guda uku rana ɗaya daga wata makaranta, duk haka suka mutu. Duba shi kafin komai. Sababbi da aka rubuta wa 100–240V ba su da wannan makunnin, su suke daidaita kansu.

Jikin kwamfutar na ɗan ja na in na taɓa. Wayar ce?

Ko wayar, ko soket, ko gidan. A cikin kowane fawa-fak akwai matatar da ke zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin akwatin, wayar ƙasa kuma ta kwashe ta. In babu hanyar ƙasa, sai ta tsaya a jikin ƙarfen tana jiran hannunka. Ita wannan 'yar wutar ba ta da yawa, amma saƙo take ba ka: ranar da wani abu ya fashe a ciki wuta ta hau akwatin gaba ɗaya, babu inda za ta bi sai jikin wanda ya taɓa. Ka tuna da yaron da ke shigowa ba takalmi a kan siminti mai danshi.

Gwada wata wayar da ka tabbatar da ita. In jan bai daina ba, duba ekstenshin, domin da yawa ramin saman nasu ba a haɗa shi da komai ba. In har yanzu, to gidan ne ba a binne masa sandar ƙasa ba, ko an binne ta lalace. Shaguna da gidajen haya da yawa haka suke, kuma ƙaramin janareta ko inbata da aka jona kai tsaye shi ma sau da yawa ba a yi masa. Wannan aikin mai wayarin ne, sabuwar waya ba za ta magance shi ba.

Ɓera ya ɗan ci gefe. In naɗe da salatif?

A'a. Zafi yana sa salatif ya saki, kuma ba ka san sili nawa haƙorin ya yanke ba. In kusa da filogi ne, a yanke wurin a sa sabon filogi. In a tsakiya ne ko kusa da kan C13, a canza ta.

Zan iya aron ta monita, ta firinta, ko ta butar lantarki?

Ta monita da ta firinta, in C13 ce kuma rubutun jikinta ya kai, babu laifi. Ta buta takan zo da wani ɗan tsagi a ƙasan kanta; wannan C15 ce, an yi ta ta jure zafin digiri 120 a maimakon 70, kuma tana shiga kwamfuta lafiya. Abin da ba a yi shi ne akasin haka. Wasu butoci da tukwanen dafa shinkafa suna karɓar C13, sai a zare ta kwamfuta a dafa ruwa da ita. Buta tana jan wat 2000 ko kusa da haka. Ta nan wayoyi da yawa suke fara lalacewa, sannan a mayar da su bayan kwamfuta ba wanda ya sani.

Wayoyin cikin akwati fa, waɗanda ake cirewa daga jikin fawa-fak? Su ma duk ɗaya ne?

A'a, kuma wannan kuskuren ya fi kowanne tsada. Duk abin da na faɗa na cewa kai ɗaya ne a duniya, wayar bango kaɗai nake nufi. Fawa-fak na zamani da ake iya zare wa wayoyi, ɓangaren da ke shiga babban allon cikin kwamfuta ko hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, iri ɗaya ne, amma ɓangaren da ke shiga fawa-fak ɗin kowane kamfani yadda ya ga dama yake jera shi. Har a kamfani ɗaya, samfuri biyu kan bambanta. Wayar za ta shiga daram, amma ramin da ke ba da bolt 5 a wancan, a wannan bolt 12 ne. Kana kunnawa hadis ya ƙone da duk abin da ke cikinsa.

Wani mai ɗaukar hoton biki ya canza fawa-fak, ya bar tsofaffin wayoyin a jere don kada ya sake wahalar shirya su. Aikin mutane na watanni ya tafi a daƙiƙa ɗaya, kuma ban iya dawo masa da ko hoto guda ba. In ka canza fawa-fak, kwashe tsofaffin wayoyin duka, ka sa waɗanda suka zo a kwalinsa. In ɗaya ta ɓace, nemi wadda aka rubuta sunan samfurinka a kai, kuma a auna ta da mita kafin a jona mata komai. A lura kuma, mai fil 8 na furosesa da mai fil 8 na katin hoto kama kawai suka yi, jerin wutarsu ba ɗaya ba ne. Kowanne ka tura shi har maƙallin ya kama.

Ekstenshin da UPS fa?

Waya mai kyau a kan ekstenshin mara kyau, an yi ba a yi ba. Shi ne ke ɗaukar nauyin kwamfuta, monita, firinta da fanka a lokaci ɗaya, don haka shi ya fi bukatar kauri. Nemi mai 1.5 da fiyus. Kada a jona ekstenshin a kan ekstenshin, kada a bar doguwar waya a naɗe tana aiki. Firinta mai hoda da injin fotokwafi suna fizgar wuta sosai lokacin da suke ɗumama, a ba su soket nasu, kada a ɗora su a ƙaramin UPS. In UPS ɗinka ramukan C13 gare shi a baya, akwai waya ta musamman mai C14 a kai ɗaya da C13 a ɗayan. Ita za ka nema, da irin binciken da na bayyana a sama.

Babu hukumar da ke duba waɗannan kaya?

Akwai. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke ba kayan da aka ƙera a gida alamar NIS, kayan da ake shigowa da su kuma suna bi ta tsarinta na SONCAP. Wayarin gine-gine kuwa yana ƙarƙashin hukumar duba ayyukan lantarki, NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa. Neman alama a jikin kaya yana da amfani, amma alama ma ana kwaikwayonta. Shi ya sa nake ce wa mutane su saya a wurin wanda suka sani, wanda za su iya komawa gare shi gobe. Wayar da ta fito daga kwalin kwamfuta ko monita na babban kamfani, ko da ta hannu ce, in ba ta da rauni, na fi yarda da ita a kan sabuwa fil mara suna.

Wace alama zan gani in zare nan take?

Bayan kwamfutar ta yi awa guda tana aiki, taɓa filogin, ka taɓa wuyan wayar a kai biyun. Ya kamata ka ji su kamar zafin ɗaki. In da zafi sosai, ko roba ta yi laushi, ko ta canza launi kusa da ƙafafun, zare. In kana jin ƙauri, ko wani wari mai kama da na kifi, robar soket ce ko ta filogi ke dahuwa. In kana jin ƙarar tsartsatsi, ko kwamfutar na mutuwa da zarar an taɓa wayar, kan C13 ya saki. Kada ka tokare shi da takarda, domin mahaɗin da ya saki shi ne ke haifar da zafi.

In har ta kai ga hayaƙi ko wuta, kashe daga babban makunnin shago ko ka kashe janareta tukuna, kada ka kai hannu kan wayar, kada ka watsa ruwa. Busasshen yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda su ne na wutar lantarki. Wayar da ka cire kuma, yanke ta gida biyu kafin ka jefar, don kada wani ya tsince ta ya kai ta bayan wata kwamfutar.